'Yan Mazan Jiya: Daga Ƙasar Mafara Zuwa Dajin Bama

Duk wanda ya san garuruwan soja a Nijeriya ya taɓa jin waɗansu sunaye masu nauyi a baki: barikin Kalapanzin da na Dalet a Kaduna, Chindit a Zariya, Letmauk a Ibadan, Arakan da Myohaung a Legas. Ban da Chindit, wanda sunan wata runduna ce, duk sunayen wurare ne a ƙasar Bama, wadda ake kira Myanmar a yau. A can ne samarin ƙasar nan suka gwabza da sojojin Japan a Yaƙin Duniya na Biyu.

Lokacin da yaƙi ya ɓarke a 1939, Talata Mafara da Bakura da Maradun gundumomi ne a Lardin Sakkwato, ƙarƙashin Sarkin Musulmi Abubakar na Uku, wanda bai daɗe da cika shekara ɗaya bisa gadon sarauta ba. Duk abin da Bature yake nema daga talaka, ta hannun hakimai yake bi, wato Sarkin Mafara da Sarkin Burmin Bakura da Sarkin Kayan Maradun, su kuma su sauke wa dagatai. Abin da aka nema kuwa yana da yawa: hatsi, gyaɗa, 'yan ƙwadagon haƙar kuza a Jos, waɗanda aka riƙa kwasa dole daga 1942 zuwa 1944, sannan majiya ƙarfi da za su sa kaki. Wani talauci ya kai shi, wani neman suna, wani kuwa hannun dagaci ne kawai ya nuna shi.

Hanyar Sakkwato zuwa Gusau ta ratsa Mafara, daga Gusau kuma jirgin ƙasa yake kwasar waɗanda aka ɗiba zuwa Zariya a lokacin, inda makarantar horar da kurata take tun 1924. Ba su sha wuyar harshe ba, domin Hausa ce ake magana da ita a bariki, har hafsoshin Turawa ma sai sun koye ta.

Sojojin Nijeriya sun fara nuna kansu a Gabashin Afirka a 1941, inda suka fatattaki Italiyawa daga Magadishu har cikin Habasha. Amma Bama ce ta fi zama a bakin mutane. A 1943 aka kafa runduna ta 81 da ta 82 ta Afirka ta Yamma, aka ɗauke su a jiragen ruwa zuwa Indiya. Mutum wajen dubu 90 aka kai daga wannan yanki, fiye da rabinsu 'yan Nijeriya.

A kwarin Kaladan, inda runduna ta 81 ta shiga a farkon 1944, mota ba ta da hanya. Jirgin sama ke jefo abinci da harsashi da laima, mutane su tsince, su ɗora a ka, su hau duwatsu cikin surƙuƙin gora. Dubbai daga cikinsu 'yan dako ne da ba a ba su bindiga ba, adda kawai. Ɗan Bakura da ya saba da fili da rana sai ga shi cikin ruwan sama na wata da watanni, ga matsattsaku a ƙafa, ga zazzaɓi da atini. A Janairun 1945 rundunonin biyu suka haɗu suka karɓe Myohaung. Sarkin Katsina Usman Nagogo ya je har can ya gaishe su, jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo kuma tana kawo labarinsu gida.

Mafi yawansu sai 1946 suka dawo. Sa'adu Zungur ya yi musu waƙar Maraba da Soja, amma sallamar da aka ba su ba ta kama ƙafar ta Bature mai irin muƙaminsu ba, alhali harsashi bai bambanta su ba. Masu sa'a sun samu aikin ɗan doka ko direba ko masinja a En'e. Saura suka koma ga fartanya, da lambar yabo a ƙasan adaka. Wannan zalunci ne, kuma ba a taɓa gyara shi yadda ya kamata ba.

Da yawa daga waɗanda suka kwanta dama a can, sunayensu na rubuce a maƙabartar Taukkyan kusa da Yangon, inda danginsu ba sa zuwa. A nan gida, kowace 15 ga Janairu ana bikin tunawa da 'yan mazan jiya a Gusau da sauran manyan birane, a ajiye furanni a watse. Masarautun Mafara da Bakura da Maradun su ne suka fi kowa sanin gidajen da aka ɗebi mutane. Ya kamata su sa a bi jikoki gida-gida, a rubuta suna da lamba da rundunar kowane tsohon soja, tun masu tuna labarin suna da rai.