Duwatsun Murhun Gobara: Daga Landan Zuwa Rumbunan Batsari

Na sha karanta labarin da tukunyar mai ta kama da wuta, jaruma ta kwara mata ruwa, wai ta mutu. Da a zahiri ne, da ta ƙone fuska.

Wuta kamar tukunya ce bisa murhu, duwatsu uku ke riƙe da ita: abin da za ta ci, iska, da zafi. Janye ɗaya, ta kife.

Masanan Turai sun daɗe kafin su gane haka. Sai a shekarun 1770 Antoine Lavoisier na Faransa ya nuna cewa ƙonewa haɗuwar abu ce da iskar oksijin, wadda ita ce kashi 21 cikin 100 na iskar da muke shaƙa. Amma dabara ta riga bayani zuwa. Ranar 2 ga Satumba 1666 gobara ta tashi a wani gidan burodi a Landan, ta lashe gidaje sama da 13,000. Ba ta lafa ba sai da iska ta kwanta, aka kuma rushe gidajen da ke gabanta da albarushi, ta rasa abin ci.

Mu dawo gida. Manomin Batsari ko Safana da ke gefen dajin Rugu bai san Lavoisier ba, amma kafin hunturu ya kankama yakan share ciyawar da ta kewaye rumbunsa ƙal. Dabarar Landan ke nan. Kakarmu da ke watsa wa wuta ƙasa kuwa, iska take toshe mata. Ruwa shi zafi yake ɗaukewa.

To me ya hana shi aiki a kan mai? Ya fi mai nauyi, sai ya nutse, ya zama tururi nan take, ya yi feshin mai mai ci. Murfi ake kifawa. In ta lantarki ce, a fara katse layin.

Ranar 22 ga Maris 2021 Babbar Kasuwar Katsina ta ƙone, 'yan kasuwa da dama suka tafka asara. Duk inda rumfa ta jingina da rumfa, wuta ba ta rasa abinci.

Don haka marubuci, idan gobara ta tashi a labarinka, tambayi kanka: wane dutse jarumina zai janye? Wata rana mai karatu abin da ka rubuta zai tuna. Allah ya tsare mu.