Kamaru: yadda ƙudiri ke bi kafin ya kai zauren Majalisar Dokoki

Majalisar Dokokin Kamaru da ke Yawunde tana da kujeru 180. Jihohi uku na arewa suna da 51 a ciki: Arewa Mai Nisa (Maruwa) 29, Arewa (Garwa) 12, Adamawa (Ngaundare) 10. Majalisar tana zama sau uku a shekara, a watannin Maris, Yuni da Nuwamba, kuma kowane zama ba ya wuce kwana 30.

Ƙudiri iri biyu ne. Wanda gwamnati ta kawo ana kiran sa projet de loi da Faransanci, na ɗan majalisa kuwa proposition de loi. Kundin tsarin mulki na 18 ga Janairu 1996 ya ba ɓangarorin biyu damar gabatarwa, amma kusan duk dokokin ƙasar daga gwamnati suke fitowa.

Sashi na 18 ya bayyana dalili. Taron shugabanni, wato Conférence des présidents, shi ke tsara jadawalin aiki. Ya ƙunshi shugabannin majalisa, na kwamitoci da na rukunan 'yan majalisa, kuma wani minista yana halarta. Ƙudirorin gwamnati da waɗanda ta amince da su ne ke shiga gaba. Ana kuma ƙin karɓar duk ƙudirin ɗan majalisa da zai rage kuɗin shiga ko ya ƙara kashe kuɗi ba tare da ya nuna inda za a cike giɓin ba. Ke nan ɗan majalisar da ke son a gina asibiti a Kuseri sai ya faɗi inda kuɗin zai fito. Sashin ya ce ƙudirin da aka karɓa, in ya yi zama biyu a jere ba a duba shi ba, dole a duba shi a zama na gaba. Sai dai wannan kariya ba ta amfanar ƙudirin da aka ƙi tun daga ƙofa.

Ƙudirin tsige gwamnati ya fi wuya. Sashi na 34 yana buƙatar sa hannun kashi ɗaya cikin uku, wato mutum 60, da jiran awa 48, sannan ƙuri'u 120. A zaɓen 2020 jam'iyyar RDPC ta sami kujeru 152, sauran jam'iyyu duka 28. Ko 'yan majalisar arewa 51 sun haɗa kai, ba su kai 60 ba. A Nijar kuwa, irin wannan ƙudiri ne ya kayar da gwamnatin Hama Amadu ranar 31 ga Mayu 2007.

A Nuwamba 2017 'yan majalisar SDF sun hana zama tafiya, suna neman a tattauna rikicin yankunan masu magana da Turancin Ingilishi, bayan sun kasa sa batun cikin jadawali.

Gyara yana da hanyoyi biyu. Rage adadin mutum 15 da ake buƙata don kafa rukuni aikin dokar cikin gida ta majalisa ne. Canza tsarin jadawali ko adadin sa hannu kuwa sai an taɓa kundin tsarin mulki. Faransa ta yi haka a 2008, inda ta ware wa 'yan adawa da ƙananan rukunai rana ɗaya kowane wata su tsara jadawali da kansu.

Kafin a kai ga haka, hanyar da ta fi sauƙi ga ɗan majalisar Maruwa ko Garwa ita ce tambayoyi ga ministoci. Sashi na 35 ya ware musu zama ɗaya kowane mako lokacin da majalisa ke aiki.