Yadda Kogon Mammoth Ya Zama Gandun Ƙasa

Kogon Mammoth da ke jihar Kentucky ta Amurka shi ne mafi tsawo da aka sani a duniya, don hanyoyinsa da aka auna sun haura kilomita 680. 'Yan asalin ƙasar ne suka fara shigarsa, fiye da shekara 4,000 da suka wuce, suna haska hanya da damin kara mai ci da wuta. A yaƙin 1812 tsakanin Amurka da Ingila, bayi aka sa haƙar ƙasarsa don samun sinadarin albarushi.

Wanda ya fito da sunan kogon shi ma bawa ne, Stephen Bishop, da aka kawo a 1838 ya yi wa baƙi jagora. Shi ya tsallake wani rami mai zurfi da kowa ke tsayawa a bakinsa, ya gano sassan da ke gaba, sannan a 1842 ya zana taswirar kogon daga abin da ya haddace. Ubangidansa, Dakta John Croghan, ya kwantar da masu tarin fuka a ciki, yana zaton iskar wurin magani ce. Sanyi da hayaƙi suka ƙara musu ciwo, wasu suka rasu a can.

Da harkar yawon buɗe ido ta bunƙasa, masu ƙananan kogwanni na kusa suka shiga ƙwacen baƙi har da yaudara. A 1925 wani mai suna Floyd Collins ya maƙale a wani kogo yana neman sabuwar mashiga, ya rasu bayan kwanaki ana ƙoƙarin ciro shi. Da shekara ta zagayo, majalisar dokokin Amurka ta amince a mayar da yankin gandun ƙasa, aka tabbatar da shi ranar 1 ga Yuli, 1941. Abin takaici, sai da aka tashi ɗaruruwan iyalai daga gonakinsu, wasu ala tilas, kuma baƙaƙen fata da suka gaji jagorancin baƙi kaka da kakanni suka rasa aikinsu.

A 1972 masu bincike suka gano inda kogon Mammoth ya haɗe da kogwannin Flint Ridge, UNESCO kuma ta sa shi cikin wuraren gado na duniya a 1981. Kariyarsa a yau ta fi wuya a fannin ruwa, domin duk dauɗar gonaki da tituna na wajen gandun na tsiyaya ta ramuka ta isa inda kifaye marasa ido ke rayuwa. Tun 2013 kuma wata cutar jemagu ta ɓulla, shi ya sa ake sa baƙi su taka tabarmar wanke takalmi idan sun fito.