Tattalin Ruwa a Ƙasar Gure: Abin da Ya Kamata Manomi da Makiyayi Su Sani

Hausawa na cewa ruwa na ƙasa sai ga wanda bai tona ba. A kwarurrukan ƙasar Gure wannan magana ta daɗe tana da gaskiya, domin akwai wuraren da mutum zai yi tono kamu biyu ko uku ya tarar da ruwa. Amma ya kai mai karatu, in kana noma ko kiwo a wannan yanki, ka san rijiyar da kakanka ya ja da gajeriyar igiya yau tana neman doguwa. Wannan bayani zai nuna maka inda ruwan yake fitowa, abin da ke rage shi, da matakan da kai da mutanen garinku za ku iya ɗauka.

Ƙasar da ruwanta

Garin Gure yana cikin jihar Damagaram, fiye da kilomita 150 gabas da birnin Damagaram, a kan babbar hanyar da ta nufi Difa. Damina gajeriya ce, ƙarfinta daga Yuli zuwa Satumba, kuma ruwan shekara yakan tsaya wajen milimita 300 zuwa 400. Babu kogin da ke gudana shekara cur. Ruwan bisa ƙasa shi ne na tabkuna, yawancinsu kuwa sukan ƙafe tun kafin bazara, saboda rana da iska suna iya shanye ruwa mai zurfin fiye da mita 2 a shekara.

Ruwan ƙarƙashin ƙasa bai rabu daidai ba. A inda dutsen Muniyo ya tokare ƙasa, ruwa kaɗan ne, sai a cikin tsagar dutse. A wajen Kutus da Kelle rijiyoyi suna da zurfi. A kudu da gabas kuwa, wajen Gidigir da Bune har zuwa Gudumariya da Maine-Sorowa, tuddan rairayi ne da kwarurruka a tsakaninsu, kuma a nan ne ruwa ya fi kusa.

Daga ina ruwan kwari yake zuwa?

Ruwan rijiyar kwari ruwan sama ne da rairayi ya ajiye. Idan an yi ruwa, tudu yakan shanye shi, wani kashi ya nutse ƙasa, ya taru, ya riƙa gangarawa a hankali zuwa kwari. Milimita 1 na ruwan sama daidai yake da lita 1 a kan fili mai faɗin mita 1 da tsawon mita 1. Ke nan a shekarar da aka samu milimita 300, hekta guda ta karɓi lita miliyan 3. Amma mafi yawansa rana da tsirrai ke kwashewa, kaɗan ne ke isa ƙasa.

Abu biyu za ka riƙe a nan. Na farko, rijiyoyin kwari ɗaya daga randa ɗaya suke sha, don haka abin da maƙwabcinka ya ja ya ragu a rijiyarka. Na biyu, randar ba ta cika sai da damina.

Masu bincike na Jami'ar Abdou Moumouni ta Yamai da abokan aikinsu na Beljiyam sun kasa kwarurrukan gida uku: mai ruwa a fili ko ƙasa da mita 1 da rabi, mai ruwa tsakanin mita 1 da rabi zuwa mita 4, da mai ruwan da ya zarce mita 4. Ka san ajin da kwarinku yake, domin kwari yana iya sauka daga wani aji zuwa wani.

Me ke rage ruwan?

Na ɗaya, fari. Farin shekarun 1972 zuwa 1974 da na 1983 zuwa 1984 sun kashe itatuwa da dabbobi, sun kuma sa ruwa ya yi ƙasa a kwarurruka da yawa. An sake shan wuya a 2005 da 2010. Ko da yake damina ta ɗan farfaɗo tun daga shekarun 1990, ruwan yakan zo ne da ƙarfi a ƴan kwanaki, sannan ya ɗauke.

Na biyu, tafiyar rairayi. Tudun da aka sare itatuwansa, dabbobi suka tattake ciyawarsa, iskar hunturu takan tashe shi ya binne lambu da rijiya da tabki.

Na uku, yawan ja. Jama'a da dabbobi sun ƙaru. Guga da jigo suna gajiyar da mutum, gajiyar kuwa ita ce ke yi wa ɗiba iyaka. Injin fetur da famfo mai aiki da hasken rana ba su san gajiya ba.

Na huɗu, kanwa. A tsakiyar kwari, inda rana ke shan ruwa tana barin gishiri, ruwan yana da kanwa. Mai daɗin yana gefe, a gindin tudu, wajen da goriba da dabino suke. Idan aka matsa wa rijiyar gefe da ja, ruwan kanwa yana iya matsowa ya ɓata ta.

Mataki na farko: ku auna

Abin da ba a auna ba, ba a iya tattalinsa. Ku zaɓi rijiya biyu ko uku a kwarinku. Ku sami igiya, ku yi mata ƙulli a kowane rabin mita, ku ɗaura dutse a bakinta. A ranar farko ta kowane wata, da asuba kafin a fara ja, a auna daga alama guda a bakin rijiya zuwa fuskar ruwa. A rubuta a littafi, da boko ko da ajami, tare da ɗanɗanon ruwan.

Kada ku gwada awon Mayu da na Oktoba, ku gwada Mayun bana da Mayun bara. Idan ruwa ya yi ƙasa shekara biyu ko uku a jere, kuna ɗiban abin da ya fi wanda damina ke mayarwa. Wannan littafi kuma shi ne hujjarku idan kun je ma'aikatar ruwa neman taimako.

A cikin lambu

Ka yi ban ruwa da sassafe ko da marece. Ka rufe fangali da ciyawa ko kara, ka yawaita takin gida, domin ƙasa mai taki ta fi riƙe laima. Ka kai ruwa ta bututun roba maimakon doguwar hanyar rairayi da ke shanye shi tun bai isa ba. Rake da ayaba masu ƙishirwa ne; a shekarar da awo ya nuna ruwa ya yi ƙasa, ka rage su, ka ba rogo da dankali da albasa wuri. In ka ga farin ɓawo a kan fangali, kanwa ce ke tasowa: ka shayar da shi sosai sau ɗaya da ruwa mai daɗi don gishirin ya nutse ƙasa da saiwa. Masu inji kuma su yarda da sa'o'in da kowa zai kunna.

A kan tudu

Tsaron kwari daga tudu yake farawa. Ana tsayar da rairayi da shingen kalimbo ko rassan goriba, a kafa su a gicciye da hanyar iska, jeri bayan jeri. Idan damina ta sauka a dasa itatuwa irin su dakwara da kandili da aduwa a tsakani, a watsa irin ciyawa, a hana dabbobi shiga har shuka ta kama. Da wannan hanya aikin PLECO ya yi yaƙi da binnewar kwarurruka a Gure da Maine-Sorowa a shekarun 2010. Shinge ba ya daɗewa in babu mai gadi, don haka ku naɗa masu kula tun ranar farko. A gonar tudu ka bar tohon itatuwa lokacin sassabe. Tassa da rabin wata kuwa na fako ne, ba na rairayi mai laushi ba.

Tabki da rijiyar sha

Ku yashe tabki da rani don ya ƙara zurfi, domin ruwa mai zurfi ya fi mai faɗi daɗewa. Ku ware wa dabbobi mashiga ɗaya, kada a yi noma har bakin ruwa. Rijiyar sha a yi mata baki da daɓen siminti, a ajiye komin dabbobi nesa kaɗan, masai kuma ya yi nisan aƙalla mita 30. Ruwan tabki a tace shi, sannan a tafasa ko a sa masa maganin tsarkake ruwa kafin a sha. Kowane mutum yana bukatar aƙalla lita 20 a rana, saniya kuwa lita 25 zuwa 40 da bazara. Da wannan za ku lissafa ko rijiyarku za ta kai ku damina.

Rabon ruwa da doka

Dokar ruwa ta Nijar ta 2010 ta tabbatar wa kowane ɗan ƙasa haƙƙin samun ruwan bukatunsa na yau da kullum. Dokar kiwo ta wannan shekarar ta amince da ƙaurar makiyaya. Tsarin dokar karkara na 1993 ya ba makiyayi fifiko a rijiyar mazauninsa, amma fifiko bai zama izinin hana baƙo shayarwa ba.

Saboda haka ku zauna tun da kaka, manoma da makiyaya, Mangawa da Hausawa da Fulani da Tubawa da Buzaye, maza da mata, a gaban mai gari. Ku tsara: ruwan sha da farko, sai na dabbobi, sai na lambu. Ku yanke lokacin kowa da kuɗin gyara, ku rubuta, ku kai wa kwamitin kula da filaye da ake kira COFO ya shaida. Kafin a haƙa sabuwar rijiya ko rijiyar burtsatse, a nemi izini da shawarar ma'aikatar ruwa.

Da ruwan ciki akan ja na rijiya. Yarjejeniyar da aka ƙulla lokacin da tabki ke cike ta fi wadda za a nema a bakin rijiya cikin watan Mayu. Ka nemi igiya da littafi, ka fara awo a farkon wata mai zuwa.