Daga Kalankuwa Zuwa Rigar Maka: Wasan 'Yan Ajin Ƙarshe a Ƙasar Sakkwato

A shekarar 2025 gwamnatin Jihar Sakkwato ta hana bikin nan da ɗaliban ajin ƙarshe na sakandare ke yi ranar da suka ajiye alƙalamin jarrabawa, inda kowa zai sa farar riga, abokai su bi ta da maka suna rubutu, daga nan a bazama titi da babura ana ihu. Iyaye da yawa sun yi hamdala, kuma da gaskiyarsu. Amma mu da ke koyar da Hausa, muke kuma shirya yara su hau dandamali, mun san rigar maka kango ta tarar ta shiga. Duk wanda ya bi hanyar Sakkwato zuwa Jega, ya tsaya Boɗinga ko Shagari ya zauna da dattawan da suka yi makarantar kwana, zai ji cewa a da ranar rabon kyaututtuka ita ce sallamar manyan ɗalibai, wasan kwaikwayo kuwa shi ne gishirinta. A ganina yaron da zai bar makaranta yana bukatar wurin da zai gwada rigar girma a gaban jama'a kafin ya sa ta, kuma hani kaɗai ba zai kashe wannan bukata ba.

Bature bai kawo mana wasan kwaikwayo ba. Tun kafin a kafa allo a aji, matasan karkara suna yin kalankuwa bayan an kawar da amfanin gona, su naɗa wa junansu sarki da alƙali da dogarai, daga baya aka ƙara gwamna da likita da ɗan sanda. Na kwana ɗaya ko biyu mulki yana hannunsu: a kama mai laifi, a gurfanar da shi, a ci shi tara, manya na gefe suna dariya suna kuma lura da wanda ya iya magana da wanda ya iya haƙuri. Matan fada suna da wasan gauta, inda ake kwaikwayon sarki da fadawansa har shi sarkin ya ga kansa. Da azumi ya kai kwana goma sai yara su fito tashe, wannan ya liƙa gemun auduga ya zama tsoho, wancan ya rataya tarkace ya zama Jatau mai magani. Duk cikinsu ƙarami ne ke aron matsayin babba, babba kuma ya yarda a yi masa gyara cikin raha.

Da boko ya zo, sai wasan ya koma takarda. A shekarun 1930 Rupert East ya fitar da littafin wasanni shida na Hausa don 'yan makaranta. Ba a jima ba ɗalibai suka karɓe abin daga hannun malamansu. Malam Aminu Kano yana ɗalibi a Kwalejin Kaduna ya shirya wasanni irin su Kai Wane Ne a Kasuwar Kano da Ba Za a Cuce Ka Ba, yana caccakar zalunci da almundahanar hukumar En'e. A wannan kwaleji ce wani yaro daga garin Shagari ya yi karatu daga 1941 zuwa 1944, bayan ya yi elementare a Yabo da midil a Sakkwato. Wannan yaro, Shehu Shagari, ya dawo midil ɗin ya koyar da kimiyya, ya rubuta Waƙar Nijeriya, ya shugabanci makaranta a Argungu, ya zama shugaban ƙasa a 1979. Zamaninsu ya ɗauki muhawara da waƙa da wasa a matsayin karatu, ba hutun karatu ba, kuma daga wannan tukunya Wasan Marafa na Abubakar Tunau ya fito a 1949, wasan ɗan ƙasar Sakkwato da ke koyar da tsafta da kiwon lafiya a karkara. Sai Shu'aibu Maƙarfi ya biyo da Zamanin Nan Namu da Jatau Na Kyallu, Mohammed Sada ya kawo Uwar Gulma, Umar Ɗanjuma Katsina ya kawo Kulɓa Na Ɓarna a 1979. Waɗannan littattafai a aji aka karanta su, a ɗakin taro aka rayar da su.

Wanda bai taɓa ganin shirin ba zai raina kayan aikin. A haɗa teburan ɗakin cin abinci su zama dandamali, a ɗaure zannuwan gado biyu da igiya su zama labule, gawayi ya zama gashin baki, garin alli ya zama furfura. A ari rawani da babbar riga a gidan wani malami, a sha gargaɗi kada a yaga. Uban ƙasa yana kujerar gaba, iyaye a benci, ƙannai sun maƙale a taga. Inda wasan ya fi daɗi shi ne inda yara suka saki littafi suka koma kan junansu, domin rabon matsayi shi kansa hasashe ne. Mai yawan gardama a aji shi ake ba alƙali ko lauya. Mai kwana da littafi ya rataya abin awon likita da aka haɗa da robar ruwa. Sarkin surutu ya zama ɗan kamasho a tasha, mai son mulki ya zama ciyaman yana raba alkawuran rijiya. Da ya fito, tun bai buɗe baki ba 'yan ajinsu sun kece da dariya, don sun san dalilin zaɓen. Wannan dariya shaida ce cewa shekara biyar ko shida ana lura da shi, an san halinsa, an kuma yi masa zaton wani abu a duniya.

Wasan makaranta bai mutu dare ɗaya ba. Shirin ilimin firamare na bai ɗaya na 1976 ya cika azuzuwa fiye da yawan malamai, makarantun jeka-ka-dawo suka yawaita, yammacin da ake gwaji a cikinsa ya tafi ga gona da talla da Islamiyya. Gwanaye suka koma talabijin, inda Idon Matambayi na tashar Sakkwato da Samanja na Kaduna suka mamaye gidaje, sannan finafinan Kano suka biyo baya daga Turmin Danya na 1990. Jarrabawar WAEC da NECO da JAMB suka cinye zangon ƙarshe gaba ɗaya, har ya zama ɗalibi yana haddace sunayen 'yan wasan Uwar Gulma don amsa tambaya, bai taɓa furta maganar ɗayansu da babbar murya ba.

Akwai masu cewa gara da ya mutu, kuma hujjarsu ba ta raini ba ce, musamman a ƙasar da Sifawa take, inda Shehu Usmanu ya zauna yana karantarwa kafin ya koma Sakkwato a 1815, da Boɗinga inda ƙaninsa Abdullahi ya zauna. Suna cewa wasa ƙarya ce, faɗin abin da yaro zai zama kuwa shiga gaibu ne. Ba zan jingina wa magabatan nan yarda da dandamali ba, domin sun yi tsanani a kan al'adu da yawa. Amma sun rubuta waƙoƙi da Fulatanci da Hausa don manomi da makiyayi su haddace, Nana Asma'u kuma ta tura jajoji ƙauyuka da waƙa a bakinsu. Sun san darasi yana bukatar abin hawa. Ƙarya ita ce wadda ake nufin a yaudari mai ji, alhali babu uban da ya ga ɗansa da gemun auduga ya ɗauka ya tsufa. Mai duba yana da'awar sani yana karɓar kuɗi. Ɗan ajin da ya ce wane alƙali zai zama, halin da ya gani yake faɗa, kamar yadda kaka ke kiran jikanta malam don ta gan shi da allo.

Hujjar da ta fi damuna ita ce ta cin fuska. Raha tana da kaifi, kuma yaron da aka ba matsayin mabaraci saboda gidansu babu, ko yarinyar da aka yi wa hasashen zawarci a gaban uwarta, za su daɗe da tabon. Wannan ya faru, kuma laifin malamin da ya bar yara su kaɗai da rubutun ne. Amma nan ne wasa ya fi rigar maka. Abin da za a faɗa a dandamali yana bi ta hannun malami sau goma kafin ranar, ana gogewa ana gyarawa, abin da aka rubuta a bayan rigar yarinya a bakin ƙofar makaranta kuwa babu wanda ya tace shi. Batun cewa gwaji zai ci lokacin karatu ma ba shi da ƙarfi, domin tsakanin takardar ƙarshe da fitowar sakamako makonni ne yara ke zaune. A makarantar 'yan mata ta Boɗinga, inda wasu za su wuce jami'a wasu kuma ɗaurin aure na jiran su kafin kaka, mako biyu na gwaji ya isa ɗalibar da ba ta taɓa magana a gaban taro ba ta sa farar rigar likita, ta duba mara lafiya, mahaifinta na zaune a benci na uku yana kallo.