Sanda Daidai Mai Ita: Yadda Aka Faro Gwada wa Ɗan Golf Sandunansa

Golf ba wasan ƙasar Karaye da Rogo ba ne. Nan ƙasar masara ce da dawa da rake, ƙasar masunta a bakin madatsar ruwa ta Challawa da aka kammala a 1992, kuma idan matasa sun taru da la'asar ƙwallon ƙafa suke bugawa. Sai dai 'ya'yan yankin da boko ya kai aikin soja ko banki ko ma'aikatun gwamnati a Kano da Kaduna da Abuja, akwai waɗanda girma ya fara kamawa, likita ya ce su riƙa tattaki, wani aboki ya ja su filin ƙwallon lambu. Yawanci sandunan farko kyauta ce daga wanda ya gaji da nasa, ko gwanjo da aka shigo da shi daga Ingila ko Amurka. Mutum ya shekara yana bugu ƙwallo na karkata gefe guda, yana zargin hannunsa, alhali wani lokaci sandar ce aka yi wa wani mai tsawon da ba nasa ba.

Manomin Rogo ba zai yi mamakin wannan ba. Idan ya je wurin maƙeri sayen garma, ba ya ɗaukar wadda ta fara zuwa hannu. Zai jinjina ta, ya sunkuya kamar yana huɗa, ya duba yadda ruwan ya zauna a jikin ƙota, in ta cika buɗewa ko ta cika rufewa ya ce a gyara, domin ya san bayansa ne zai biya kuɗin kuskuren. Haka aka yi ta yin sandar golf tsawon ƙarni huɗu kafin masana'anta ta shigo.

Masu yin baka da kibiya ne suka fara sana'ar a Sikotland. A 1457 majalisar ƙasar ta hana wasan saboda yana ɗauke hankalin maza daga koyon harbi, amma a 1502 littafin baitulmali ya nuna Sarki James na Huɗu da kansa ya biya wani mai yin baka a garin Perth sule 14 kuɗin sanduna. A 1603 tattaɓa-kunnensa, James na Shida, ya naɗa William Mayne, shi ma mai yin baka, ya zama mai sassaƙa masa sanduna. Dalilin a bayyane yake: wanda ya san yadda itace ke lanƙwasa ya dawo, shi ya san irin ƙotar da za ta yi wa ƙwallo bulala. A garin St Andrews, Hugh Philp ya zama masassaƙin ƙungiyar 'yan wasa a 1819, da ya rasu a 1856 Robert Forgan ya gaji shagon. A zamanin Forgan ne itacen hikori na Amurka ya kori sauran itatuwa wajen yin ƙota, daga baya kuma aka koma sassaƙa kan manyan sanduna da itacen fasimon. Wannan fasimon ɗan'uwan kanya ne na jini, dangi ɗaya suke a ilimin tsirrai, don haka duk wanda ya taɓa sa gatari a kanya ya san irin taurin da ake nema.

A irin wannan shago ba a sayen sanda a rufe. Babu itace biyu da suke lanƙwasa iri ɗaya, ko da daga gungume guda aka tsaga su. Mai saye zai girgiza, ya yi lilo da ita, masassaƙi ya ƙara kankare ƙotar ko ya zuba darma a bayan kan har sai ta yi wa hannun mai ita daɗi. Kowace sanda da sunanta da halinta, kuma in ta karye ba a samun irinta sak.

Da irin waɗannan sanduna wasan ya iso Arewa. Bayan Turawa sun ci Kano a 1903, jirgin ƙasa ya iso, cinikin gyaɗa ya buɗe, sai jami'an mulki da ma'aikatan kamfanoni suka share filaye kusa da unguwanninsu. Kulob ɗin Rayfield na Jos, na masu haƙar kuza, yana lissafin kafuwarsa daga 1913, kuma Kano da Zariya da Kaduna kowanne ya samu nasa. Ciyawa mai laushi irin ta Sikotland ba ta jure ranin nan, sai aka riƙa kewaye ramin da yashi da aka cakuɗa da mai aka daddaɓe, mutum na tsaye da abin shara yana gyara hanyar ƙwallo kafin a buga. Ɗan ƙasa kuwa aikinsa ɗaukar jaka. Daga cikin waɗannan masu ɗaukar jaka ne ƙwararrun Najeriya na farko suka fito, sun koyi wasan da sanda ɗaya ko biyu da maigida ya yar, suka lanƙwasa jikinsu ya bi sandar tunda babu halin sandar ta bi su. A nan aka bambanta da folo. Tun shekarun 1920 Sarkin Katsina Muhammadu Dikko ya rungumi folo, ɗansa Usman Nagogo ya yi suna a cikinsa, wasan ya zama na gidan sarauta, kuma kowane mahayi ya san tsawon sandarsa da tsayin dokinsa ake auna shi. Golf ya daɗe a bayan shingen kulob.

Can ƙasashen da ake ƙera sandunan, ƙarfe ne ya sauya komai. Hukumar golf ta Amurka ta halatta ƙotar ƙarfe a 1924, ta St Andrews ta bi baya a 1929. Mutumin da ya tsaya a tsakanin zamanin biyu ɗan sha'awa ne, bai taɓa cin abinci da gasa ba: Bobby Jones, lauya daga Atlanta, wanda ya lashe manyan kofuna huɗu na lokacin a shekara guda, 1930, da ƙotar hikori. Ya tara sandunansa ɗaya bayan ɗaya, hannunsa kaɗai ne ma'auni. Ana ba da labarin cewa da aka samu sikelin gwaji daga baya aka ɗora su, duk sun yi daidai da juna in ban da guda, ita ce kuma wadda dama bai yarda da ita ba. Bayan ya ajiye gasa ya haɗa kai da kamfanin Spalding, a 1932 suka fitar da jerin sanduna masu ƙotar ƙarfe, da lamba maimakon suna, kowace ta dace da 'yar'uwarta. Har fenti aka riƙa shafa wa ƙarfen ya yi kama da itace don kada tsofaffin 'yan wasa su guje shi.

Sikelin da aka sani na irin wannan gwaji na Robert Adams ne, wanda ya yi masa rajista a 1934. Ba nauyin sanda yake aunawa ba, yana auna yadda nauyin ya rinjaya wajen kai idan aka riƙe ta ana lilo, ya ba da sakamako da harafi da lamba. Har yau da shi ake aiki, kuma yawancin sandunan maza suna faɗawa tsakanin D0 da D2.

Ƙarfe ya sauƙaƙa farashi, ya kuma buɗe ƙofar haɗama. Lawson Little, wanda ya ci kofin 'yan sha'awa na Amurka da na Birtaniya a 1934 ya maimaita a 1935, yakan shiga fili da sanduna kusan 30, mai ɗaukar jaka na nishi a baya. Hukumomi suka taƙaita su zuwa 14, a Amurka daga 1938, a Birtaniya daga 1939. Amma babbar asarar ba a lura da ita ba sai daga baya. Masana'anta ta zaɓi wani mutum na tsaka-tsaki, ba dogo ba ba gajere ba, ta ƙera wa duniya sandarsa. Wanda ya dace ya ji daɗi, wanda bai dace ba aka ce bai iya ba.

Wanda ya fara warware wannan shi ma ɗan sha'awa ne, kuma sai da ya haura shekara 40 ya fara wasan. Karsten Solheim haifaffen Nowe ne, injiniya a kamfanin General Electric. Sandar jefa ƙwallo rami ta ba shi haushi, ya ƙera tasa a garejin gidansa a 1959, ya sa wa kamfaninsa suna PING saboda ƙarar da take yi. A 1972 ya fito da tsarin ɗigon launi: a auna tsawon mutum da nisan wuyan hannunsa daga ƙasa, a duba allo, a ga launin da ya dace da shi, baƙi shi ne na tsaka-tsaki. Abin da launin ke nunawa shi ne kusurwar da ke tsakanin ƙota da kan sanda. Idan ta yi wa mutum tsaye da yawa, hancin kan zai ɗaga, dunduniya ta fara taɓa ƙasa, ƙwallon mai bugu da dama ya tafi hagu. Idan ta kwanta da yawa, sai ya tafi dama. Digiri biyu sun isa su hana kyakkyawan bugu sauka inda aka nufa, kuma abin ya fi tsanani a gajerun sanduna masu cilla ƙwallo sama. A ganina wannan ɗigon fenti ya fi yi wa talakan ɗan wasa amfani a kan yawancin abin da aka ƙirƙiro bayansa.

Ƙotar girafayit ta zo a ƙarshen shekarun 1960, mara nauyi, ta taimaki dattawa da mata. Manyan kawuna na ƙarfe suka kori fasimon, har aka kafa musu iyakar girma.

Sai na'ura ta shigo. A 2003 aka kafa kamfanin TrackMan a Denmak, da taimakon injiniya Fredrik Tuxen wanda ya ƙware a rada mai bin sawun abin da aka harba. Akwatin na zaune a bayan ɗan wasa yana karanta saurin kan sanda, da saurin ƙwallo, da kusurwar tashinsa, da yawan juyawarsa a iska. Ya ma kunyata malamai, domin an daɗe ana koyar da cewa hanyar da sanda ta biyo ita ke sa ƙwallo ya fara tafiya dama ko hagu, sai rada ta nuna inda fuskar sanda ta kalla lokacin haɗuwa shi ne ya fi rinjaye. Gwajin zamani yakan ɗauki awa ɗaya ko biyu. Ana fara auna bugun mutum da tsofaffin sandunansa, sannan a riƙa sauya kai da ƙota ana kwatantawa, a duba tsawo, da taurin ƙota, da kaurin mariƙi.

Nan ne ya kamata mai kuɗi a aljihu ya buɗe ido. Haruffan L da A da R da S da X da ake rubutawa don nuna taurin ƙota ba su da ma'auni guda tsakanin kamfanoni, S ɗin wani R ɗin wani ne. Lambar da ke ƙasan sanda ma ta zama abin talla: mai lamba 7 ta da fuskarta takan kwanta digiri 35 ko fiye, ta yanzu akwai mai 30 ko ƙasa da haka. Idan mai shago ya nuna maka a allo cewa sabuwar 7 ta fi taka nisa, sau da yawa tsohuwar 6 ce ko 5 aka sauya wa lamba. Kuma wanda ke gwajin shi ne ke sayarwa. Mutumin da ya fara wasa jiya, wanda bugunsa goma kowane da inda ya nufa, ba abin da rada za ta karanta a jikinsa sai ruɗani. Tsawo da kusurwa da mariƙi sun ishe shi, sauran ya bari sai hannunsa ya faɗa.

Akwai kuma abin da akwatin ba ya gani. Yawanci a ɗaki ake gwajin, a kan shimfiɗar roba mai yafe kuskure, ko a ciyawar Turai mai laushi idan mutum ya yi shi a tafiya. Filin Kano a watan Maris ƙasa ce busasshiya mai tauri. Sandar yashi, wadda Gene Sarazen ya shahara da ita a 1932, an yi mata ƙasa mai tudu don kada ta nutse. Wannan tudun a kan fako sai ya sa ta yi tsalle ta sari ƙwallo a ciki, ya wuce rami da gudu. Mai wasa a Arewa ya fi buƙatar mai ɗan ƙaramin tudu, aƙalla daga kaka zuwa faɗuwar ruwa. Zafi kuma yana busar da robar mariƙi ta yi santsi, musamman in jaka na kwana a bayan mota, mutum ya riƙa matse hannu bai sani ba. Cewa ƙasa na sauya lissafi ba sabon labari ba ne a ƙasar nan. A gasar Najeriya ta 1981 a filin Ikoyi na Legas, Peter Tupling ɗan Ingila ya gama ramuka 72 da bugu 255, abin da ba a taɓa yi ba a babbar gasa kafin lokacin. Sandy Lyle ya ci wannan kofi a 1978, Vijay Singh a 1988 da 1989, kafin kowannensu ya zama gagarau.

Ɗan Karaye ko Rogo da ke riƙe da sandunan gwanjo ba dole ne ya jefar da su ba. Malamin wasa na kulob zai iya manna farin tef a ƙasan kan sanda, a buga a kan katako, inda tef ɗin ya goge ya nuna ko hanci ne ke taɓawa ko dunduniya. Kan da aka ƙera da bugun guduma daga ƙarfe mai laushi yana karɓar lanƙwasa digiri biyu ko uku, wanda aka zuba a mazubi kuwa yana da taurin kai, yakan tsage a wuya in aka matsa masa. Bahago ya fi kowa wahala, domin sandunan hagu ba su cika zuwa cikin kayan gwanjo ba. Gajeren mutum da ya yanke shawarar rage tsawon ƙota ya sani cewa kowane rabin inci da ya datse yana sauke sandar kusan maki uku a sikelin Adams, kan ya zama kamar babu shi a hannu. Ana mayar da nauyin da tef ɗin darma a bayan kai, kimanin giram biyu ga kowane maki.