Yaran Ƙwallon Tamale: Tsakanin Teburin Gasa da Lafiyar Jiki

Tamale garin Dagomba ne, amma duk wanda ya ratsa kasuwar Aboabo ko ya kwana a Zango zai ji Hausa tana kai da komo a bakin masu ciniki. Bayan yaƙin basasar Salaga na 1892, fatake sun watsu zuwa garuruwa daban-daban, wasunsu suka yada zango a nan. A 1907 Turawan Ingila suka mayar da garin hedikwatar mulkin arewacin ƙasar da ake kira Gana a yau. Mulki ya zo da makarantun boko, makarantu kuma suka zo da ƙwallon ƙafa, har ta zama wasan da yaron unguwa ke fara bugawa tun bai mallaki takalmi ba.

A 1976 aka kafa ƙungiyar Real Tamale United, wadda aka fi sani da RTU. Cikin waɗanda suka tsaya mata akwai Alhaji Aliu Mahama, wanda daga baya ya zama mataimakin shugaban ƙasa daga 2001 zuwa 2009. A filin Kaladan take karɓar baƙinta a wancan lokacin, kuma a nan ne jama'a suka fara ganin wani ɗalibin sakandaren Ghanasco mai suna Abedi Ayew, wanda aka laƙaba wa Pele saboda gwanintarsa. Yana ɗan shekara 17 ya shiga tawagar da ta ɗauko wa Gana kofin nahiyar Afirka a Libiya a 1982. Ya zama gwarzon ɗan wasan Afirka sau uku a jere, daga 1991 zuwa 1993, ya kuma ci kofin zakarun Turai da ƙungiyar Marseille ta Faransa a 1993.

Labarin Abedi ya koya wa iyaye da masu horarwa cewa gasar yara, wadda a Gana ake kira Colts, hanya ce da ke iya kai mutum nesa. Nasarorin ƙasa suka ƙara tabbatar da haka. 'Yan ƙasa da shekara 17 sun ci kofin duniya a Italiya a 1991, suka maimaita a Ikwado a 1995. A 2009 'yan ƙasa da shekara 20 suka doke Burazil a Masar da bugun fenareti, ƙarƙashin jagorancin André Ayew, ɗan Abedi, Gana ta zama ƙasar Afirka ta farko da ta ɗauki wannan kofi.

Sai dai teburin gasa abu uku kawai ya sani: maki uku na nasara, maki ɗaya na kunnen doki, da bambancin ƙwallaye. Ba shi da gurbin da ake rubuta gwiwar da ta kumbura. Kwaɗayin hawa samansa ne ya sa wasu ke rage wa 'yan wasa shekaru, a jefa ƙato cikin yara. Haɗarin a nan na zahiri ne, domin ƙarshen ƙasusuwan yaro ba ya gama haɗewa sai ya kusa cika girma, kuma karon da babba zai shanye yana iya lahanta wannan wuri mai laushi. Wannan haɗewar ce hukumar FIFA ta riƙa dubawa da na'urar hoton wuyan hannu a gasar 'yan ƙasa da shekara 17 da aka yi a Nijeriya a 2009, don ta rarrabe yaro da wanda ya wuce yaro.

A Tamale kuwa al'amura sun yi ta hawa da sauka. An buɗe sabon filin wasa don gasar Afirka ta 2008, inda Kamaru ta doke Tunisiya da ci 3 da 2 a wasan daf da na kusa da ƙarshe, daga baya aka raɗa wa filin sunan Aliu Mahama. RTU ta faɗo daga babban rukuni a 2013, ba ta koma ba sai 2021. A wannan tsakanin ne wata ƙaramar ƙungiya, Steadfast, ta fito da Abdul Fatawu Issahaku, haifaffen garin. Ranar 6 ga Maris, 2021, ranar bikin 'yancin kan Gana, 'yan ƙasa da shekara 20 suka doke Yuganda da ci 2 da nema a wasan ƙarshe na gasar Afirka a Muritaniya. Aka zaɓi Fatawu gwarzon gasar, saura kwana biyu ya cika shekara 17.

Daga nan hanya ta buɗe masa: Sporting ta Fotugal, gasar kofin duniya ta 2022 a Ƙatar, sai Leicester ta Ingila, wadda ya taimaka wa ta koma babban rukuni a 2024. Ranar 15 ga Nuwamba, 2024, a Luwanda, Gana na neman nasara a kan Angola ido rufe. Ana cikin wasa Fatawu ya ji rauni a gwiwa, aka fitar da shi. An tashi 1 da 1, Gana ta rasa gurbin gasar Afirka karon farko tun 2004. Bincike ya nuna jijiyar da ke tsakiyar gwiwa, mai ɗaure ƙashin cinya da na ƙwauri, ta tsinke. Aka yi masa tiyata, bai sake buga wasa ba har kakar ta ƙare.

Fatawu ya dace da ƙungiya mai likitoci da kuɗin jinya, ya kuma dawo fili a kaka ta gaba. Takwaransa da ke gudu a filin unguwa mai tsakuwa ba shi da wannan gata. Hausa tana da sunaye na raunuka: targaɗe, gocewar ƙashi, tsagewa, karaya, kuma maɗori ya daɗe yana hidima a kansu a arewacin Gana kamar yadda yake yi a ƙasar Hausa. Amma tsinkewar jijiyar gwiwa ba ta jin ɗori, buguwar ƙwaƙwalwa kuma ba ta da kumburin da ido zai gani. Yaron da ya san mai neman 'yan wasa na kallo daga bakin fili ba zai ce a fitar da shi ba. Zai miƙe ya ce lafiyarsa lau.

Wannan matsala ta kai har ƙasashen sanyi, inda ake wasan zamiya da rawa a kan ƙanƙara, wanda ke da gasar matasa ta duniya tun 1976. A Nuwambar 2014, a birnin Shanghai, Yuzuru Hanyu na Japan, ɗan shekara 19, ya yi karo da Yan Han na Sin suna ɗumama jiki. Aka naɗe masa kai da bandeji ya shiga fili, ya faɗi sau biyar, ya zo na biyu. 'Yan kallo sun tafa, amma da yawa suka tambayi dalilin da ya sa aka bar shi ya ci gaba. A Yunin 2022, bayan dambarwar Kamila Valieva 'yar shekara 15 a gasar Olamfik ta Beijin, hukumar wasan ta ɗaga shekarun shiga gasar manya daga 15 zuwa 17, mataki-mataki, don kare jiki da hankalin yara.

Ita ma ƙwallon ƙafa ta bi sahu. Daga Yulin 2024 dokokinta suka ba masu shirya gasa damar ƙara canji na musamman ga ɗan wasan da ake zargin ya bugu a ka, don kada ƙarewar canji ta tilasta barin mai rauni a fili. Abin da dokokin biyu suka amince da shi ɗaya ne: hukuncin tsayawa ba na mai rauni ba ne, na manyan da ke kewaye da shi ne. A filayen Tamale, inda ba kullum ake samun likita a bakin layi ba, nauyin yana wuyan alƙalin wasa da mai horarwa. Maki ukun da aka rasa yau ana iya ramawa mako mai zuwa, amma Bahaushe ya riga ya ce lafiya uwar jiki, babu mai fushi da ita.